Gidaje 521 a Kwarin Farthingloe: Izinin da Ƙaramar Hukumar Dover Ta Bayar, Kotu Ta Soke

Ranar 13 ga Yuni 2013 kwamitin tsara gari na ƙaramar hukumar Dover, a gundumar Kent da ke kudu maso gabashin Ingila, ya zauna kan wata babbar takardar neman izinin gini. A gaban kansilolin akwai rahoton jami'an tsara gari mai shafi 135. Shawarar jami'an ita ce a amince, amma a rage yawan gidajen da za a gina a kwarin Farthingloe daga 521 zuwa 365. Kansilolin suka amince, suka ƙi ragewa. Bayan shekara huɗu da rabi, ranar 6 ga Disamba 2017, Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar da soke wannan izini. Alƙalan ba su yanke hukunci kan ko gidajen sun yi yawa ko ba su yi ba. Abin da suka kama shi ne kwamitin bai bayyana dalilin da ya sa ya juya wa shawarar jami'ansa baya ba.

Duk wanda yake so ya gane yadda ƙananan hukumomin Ingila ke yanke hukunci idan wani ya nemi sauya amfanin fili, wannan shari'a ta isa makaranta, domin kusan kowane mataki na aikin ya fito fili a cikinta.

Filin da abin da aka nema

Farthingloe kwari ne mai tsawo a yammacin garin Dover. An taɓa amfani da wani ɓangarensa a matsayin masaukin ma'aikatan da suka haƙa ramin jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku tsakanin Ingila da Faransa, amma yawancinsa gonaki ne da gangaren tuddai. Yana cikin yankin Kent Downs, wanda tun 1968 aka ayyana shi cikin yankunan da doka ke karewa saboda kyawun halittarsu. Kusa da shi akwai tudun Western Heights, inda aka gina ganuwoyi da sansanonin soja a zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon don tsoron mamaya daga Faransa. Waɗannan gine-gine kayan tarihi ne da doka ta killace, kuma sun daɗe suna lalacewa saboda rashin kuɗin gyara.

A watan Mayu 2012 kamfanin China Gateway International ya shigar da takarda guda da ta haɗa wuraren biyu. A Farthingloe yana son gidaje 521 da rukunin gidajen tsofaffi mai ɗakuna 90. A Western Heights yana son wasu gidaje 31, da otel mai ɗakin taro, da mayar da tsohon sansanin Drop Redoubt gidan tarihi da wurin karɓar baƙi. Ya kuma yi alkawarin fam miliyan 5 don gyaran kayan tarihin, kuɗin da zai fito daga ribar gidajen kwarin. Nan ƙullin yake: gyaran tudu ya rataya a kan gina kwari.

Mutanen yankin suka rabu. Dover gari ne mai babbar tashar jiragen ruwa, miliyoyin matafiya na ratsa shi suna wucewa, amma kaɗan ne ke tsayawa su kashe kuɗi. Masu goyon baya sun ga ayyukan yi da gidaje da baƙi. Masu adawa, ciki har da hukumar kula da muhalli ta Natural England da masu kula da yankin Kent Downs da reshen Kent na ƙungiyar kare karkara ta CPRE, sun ga kwarin da in an gine shi ba zai dawo ba har abada.

Dokar da kwamiti ke tsaye a kanta

A Ingila mallakar fili daban, ikon sauya amfaninsa daban. Tun dokar tsara birane da karkara ta 1947, wadda ta fara aiki a Yuli 1948, mai fili ba shi da damar ya gina shi ko ya juya shi zuwa wani amfani sai da izini. Dokar 1990 da ake aiki da ita yanzu ta ce abu biyu ke bukatar izini: aikin gini, da duk wani sauyi mai nauyi a yadda ake amfani da fili ko gini. Don haka mutum zai iya bukatar izini ko da bai ɗora bulo ɗaya ba, misali in zai mayar da gidan zama wurin sayar da abinci. Akwai wani umarni na 1987 da ya kasa amfanin gine-gine rukuni-rukuni. Sauyi a cikin rukuni ɗaya ba ya bukatar izini, tsallakawa zuwa wani rukuni kuwa yawanci yana bukata.

Idan takarda ta shigo, ana sanar da maƙwabta da hukumomin da abin ya shafa, a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Ƙa'idar lokaci ita ce mako 8 ga ƙananan ayyuka, mako 13 ga manya, mako 16 ga wanda ke bukatar binciken tasiri ga muhalli. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na takardun, jami'ai ne ke yanke musu hukunci da ikon da majalisa ta danƙa musu. Manya da masu jawo ce-ce-ku-ce su ne ke isa gaban kwamitin zaɓaɓɓun kansiloli.

Ma'aunin da za a bi yana cikin sashe na 38(6) na wata dokar tsara gari ta 2004: a yanke hukunci bisa tsarin raya yankin da ƙaramar hukuma ta riga ta amince da shi, sai dai in wasu dalilai masu nasaba da tsara gari sun nuna akasin haka. Irin waɗannan dalilai su ne cunkoson motoci, hayaniya, ambaliya, tare wa maƙwabci haske, kayan tarihi, ƙarancin gidaje, ayyukan yi, da manufofin gwamnatin ƙasa. Akwai kuma abubuwan da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya amma doka ba ta yarda a auna su ba, kamar faɗuwar darajar gidan maƙwabci, ko tsoron ɗan kasuwa cewa wani zai raba masa ciniki, ko ƙin jinin mai neman izinin. Yawan masu ƙorafi ma shi kaɗai ba hujja ba ne. Wasiƙa ɗaya mai ƙwaƙƙwaran dalili ta fi sa hannun mutum dubu da ba su kawo dalili ba.

Wane nauyi za a ba kowane dalili? Wannan na mai yanke hukunci ne. Kotunan Ingila sun daɗe suna nanata haka, musamman tun shari'ar kamfanin Tesco ta 1995: alƙali zai iya cewa an auna abin da bai kamata ba, ko an manta abin da ya kamata, amma ba zai karɓe sikelin daga hannun kansila ba.

A kan Farthingloe manufofin ƙasa biyu suka yi karo. Kundin manufofin tsara gari na 2012 ya wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta nuna tana da filayen da za su wadatar da ginin gidaje na shekara biyar masu zuwa, kuma Dover ba ta iya nuna haka ba a lokacin. Sakin layi na 116 na wannan kundi kuma ya ce a ƙi duk wani babban aiki a yankin da aka kare saboda kyawunsa, sai in akwai yanayi na musamman kuma an tabbatar aikin maslahar jama'a ne. Ya ce a duba bukatar aikin, a duba ko za a iya yin sa a wani wuri, a duba kuma iya yadda za a rage ɓarnarsa. Wannan na ƙarshe shi ne ya zama ƙashin bayan shari'ar.

Abin da jami'ai suka rubuta

Rahoton jami'an bai ɓoye komai ba. Ya ce aikin kamar yadda aka kawo shi zai yi wa kyawun yankin babbar illa mai ɗorewa wadda ba za ta gyaru ba, kuma dasa itatuwa don a rufe gidajen daga ido ba zai yi wani tasiri ba, saboda daga kan tuddai ake hango kwarin. Ya kuma yarda cewa amfanin na gaske ne: gidaje, kuɗin gyaran kayan tarihi, farfaɗo da tattalin arzikin gari.

Sai jami'an suka nemi hanyar tsakiya. A cire gini daga ɓangaren da ya fi fitowa fili, a rage cunkoson gidajen, jimillar ta sauko 365. Tambayar da ta biyo baya ita ce ko aikin zai biya kuɗinsa in an rage shi haka. Ƙaramar hukumar ta ɗauko masu ba da shawara na kamfanin Smiths Gore, suka duba lissafi suka ce ƙaramin tsarin zai tsaya da ƙafarsa, kuma zai iya samar da kuɗin da aka yi alkawari. Saura kwanaki kaɗan a zauna, masu ba wa kamfanin ginin shawara, wato BNP Paribas, suka rubuto cewa ba haka ba ne, ragin zai mayar da riba asara, aikin gaba ɗaya ya rushe.

Wannan rahoto, a ganina, shi ne mafi kyawun abu a labarin nan. Mai adawa zai karanta ya ga an ji kukansa, mai goyon baya ma haka. Kowa zai iya bin zaren tunanin daga farko har ƙarshe, ya nuna da yatsa inda bai yarda ba. Da kwamitin ya bi shawarar, da rahoton kansa ya zama bayanin dalilinsa, domin doka na ɗauka cewa kwamitin da ya amince da shawarar jami'ai ya amince da hujjojinsu.

Zaman kwamiti

An saurari masu goyon baya da masu adawa, kansiloli suka yi muhawara. Rubutaccen bayanin zaman ya nuna abin da ke ransu: Dover na bukatar wannan jari, dama irin wannan ba kullum take zuwa ba, kuma in aka matsa wa kamfanin da ragi zai iya tattara nasa ya tafi, a rasa gidajen a rasa fam miliyan 5. Wasu daga cikinsu suka ce itatuwa za su rage illar. Aka kawo ƙuduri cewa a karɓi shawarar jami'ai amma a mayar da lambar 521, aka amince. Aka ɗan tashi na minti 25 don jami'ai su gyara rubutun shawarar, aka dawo aka kaɗa ƙuri'a.

Ya kamata a yi wa kansilolin adalci a nan. Babu wanda ya zarge su da cin hanci ko son zuciya, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. Su ne ke haɗuwa da matasan da ba su da aiki da iyalan da suka kasa samun gida. Doka kuma ta ba su cikakken ikon saɓa wa jami'ai. In da dole ne kansila ya bi duk abin da jami'i ya rubuta, da babu amfanin zaɓensa. Ina tare da wannan iko, kuma ba zan so a taɓa shi ba.

Amma dubi abin da aka bari a rataye. Ƙwararru biyu sun yi saɓani kan ko gidaje 365 za su biya, kwamitin ya ɗauki maganar ɓangaren mai neman izini ya bar ta waɗanda hukumarsa ta ɗauko, bai ce ga dalili ba, bai kuma nemi a sake bincike ba. Jami'ai sun ce itatuwa ba za su rufe gidajen ba, wasu kansiloli sun ce za su rufe, ba a rubuta kan me suka dogara ba. Sannan bayanin zama yana ɗauke da abin da wannan ya ce da abin da wancan ya ce ne kawai. Ba ya nuna wace hujja ce kwamitin a matsayinsa na jiki ɗaya ya tsaya a kai.

Ministan da ke kula da tsara gari yana da ikon karɓe babbar takarda ya yanke mata hukunci da kansa. An roƙe shi ya yi haka, ya ƙi. Daga nan aka shiga doguwar tattaunawa kan yarjejeniyar sashe na 106 na dokar 1990, wadda ita ce hanyar da ake ɗaure mai gini da alkawuran kuɗi da ayyuka. Sai ranar 1 ga Afrilu 2015 takardar izinin ta fito, da sharuɗɗa sama da ɗari. Duk tsawonta, babu bayanin dalilin bayar da izinin a ciki.

Kotu uku

A nan akwai wani rashin daidaito a tsarin Ingila da ya kamata a fahimta. In an hana mai nema izini, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa ga sufeton tsara gari na gwamnatin ƙasa, yawanci cikin wata shida, a sake auna batun daga tushe. In aka ga hukumar ta hana ba bisa hujja ba, za a iya sa ta biya kuɗin da ya kashe. Mai adawa kuwa, in an ba da izini, ba shi da wannan ƙofa. Abin da ya rage masa shi ne ya je Babbar Kotu cikin mako shida, ya nuna an karya doka wajen yanke hukuncin. Shi ya sa hukumomi ke zuba ido sosai kan rubuta dalilin hanawa, su yi sakaci da dalilin bayarwa. Dokar ma ta taimaka wa wannan hali: daga 2003 wajibi ne a rubuta taƙaitaccen dalilin ba da izini, amma a 2013 gwamnati ta cire wannan wajibi da sunan rage wa hukumomi aikin takarda.

CPRE ta Kent ta bi wannan ƙunƙuntar hanya. A Babbar Kotu, cikin Disamba 2015, Mai Shari'a Mitting ya kori ƙarar. A Satumba 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin. Mai Shari'a Laws ya lura cewa ba a taɓa ganin aiki mai girman wannan a irin wannan yanki da aka kare ba, kuma hukumar da za ta amince da babbar illa ga irin wannan wuri dole ta kawo dalilai masu nauyi daidai da illar. Ƙaramar hukumar da kamfanin suka wuce Kotun Ƙoli.

Alƙalai biyar ne suka saurari ƙarar, ciki har da shugabar kotun, Lady Hale, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Lord Carnwath ne ya rubuta hukuncin. Abu na farko mai sauƙi ne. Aikin na cikin waɗanda ke bukatar binciken tasiri ga muhalli, kuma ƙa'idojin 2011 na irin wannan bincike sun wajabta wa hukuma ta fitar wa jama'a da bayanin manyan dalilan da ta dogara da su. Dover ba ta fitar ba. Lauyoyinta suka ce to kotu ta ayyana cewa an yi kuskure, a kawo dalilan daga baya, izinin ya ci gaba da aiki. Kotun ta ƙi. Shekaru sun wuce ba a kawo bayanin ba, kuma giɓin ya taɓa ainihin hujjar ba da izinin: in ba a san ko ƙaramin tsarin zai yiwu ba, ta yaya za a ce an rage illa iya yadda za a iya, kamar yadda sakin layi na 116 ya nema?

Abu na biyu shi ne ya fi yin tasiri bayan haka. Kotun ta ce ko da babu waɗancan ƙa'idoji, adalci da kansa kan wajabta bayyana dalili a wasu yanayi, duk da cewa babu wajibi na bai ɗaya. Ta zayyana irin yanayin: an ba da izini alhali jama'a da yawa na adawa, an saɓa wa shawarar jami'ai, kuma aikin ya kauce sosai daga tsarin raya yanki ko wata muhimmiyar manufa ta ƙasa. A farkon shekarar 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta riga ta bi irin wannan layi a shari'ar Oakley, kan filin ƙwallon ƙafa da ƙaramar hukumar South Cambridgeshire ta amince a gina a yankin da aka hana gini, ita ma saɓanin shawarar jami'anta. Ma'aunin ingancin dalili kuwa tsoho ne, daga shari'ar Porter ta 2004: ya zama mai fahimtuwa kuma wadatacce, yadda mai karatu zai gane me ya sa aka yanke haka da kuma matsayar da aka ɗauka kan manyan batutuwan da ake jayayya a kai. Ba a neman kundi. Shafi ɗaya ko biyu na iya isa.

Abin da ya kamata a yi a wannan zama

Da kwamitin ya ɗage hukuncin zuwa zama na gaba, ya ce wa masu lissafin ɓangarorin biyu su zauna su fitar da inda suka saɓa, ya ce wa jami'ai su rubuta dalilan da kansiloli suka ambata a gwada su a ga ko za su tsaya, da makonni kaɗan kawai aka rasa. Ƙa'idojin aikin kwamitocin tsara gari sun daɗe suna ba da wannan shawara idan kansiloli na shirin saɓa wa jami'ai. Mai yiwuwa lissafin ya goyi bayan kamfanin, a ba da gidaje 521 da hujjar da kotu ba za ta iya taɓawa ba. Mai yiwuwa kuma wajen rubutawa kansilolin su ga hujjar ba ta kai ba, su koma 365. Ko wanne ya faru, da an samu hukuncin da zai tsaya. Sauri ya haifi nawa: tsoron kada mai jari ya gudu ya sa aka yanke a zama ɗaya, aka ƙare da shekara biyar da rabi tsakanin shigar da takarda da hukuncin ƙarshe, ba izini a hannu.

Na fi damuwa da wannan fiye da batun wa ya ci wa ya faɗi. Rubuta dalili yana tilasta wa mai iko ya fuskanci tunaninsa. Abu ne mai sauƙi mutum ya ɗaga hannu cikin ɗaki mai zafin muhawara, amma idan aka ce ya rubuta me ya sa ya yarda da wannan lissafi ya ƙi wancan, dole ya koma ya duba. Mutumin da ya rubuto ƙorafinsa cikin kwana 21 da aka ba shi, kuma ba shi da damar ɗaukaka ƙara, mafi ƙarancin haƙƙinsa shi ne ya san an karanta, ya san kuma me ya rinjaye shi. Masu bukatar gidajen su ma an cuce su, domin izinin da ba shi da tushe bai zama rufi a kan kowa ba.

Hukuncin bai toshe giɓin duka ba. Wajibin da kotu ta kafa ya fi shafar manyan ayyuka masu jayayya irin na Farthingloe. Hanawa kullum sai da rubutaccen dalili. Jami'in da ya yanke hukunci da ikon da aka danƙa masa, ƙa'idojin 2014 sun sa dole ya rubuta dalilinsa. Amma kwamitin kansiloli da ya ba da izinin wani matsakaicin sauyi, kamar mayar da gidan zama wurin sayar da abinci a ƙasan benen da mutane ke kwana, ba lallai ne hukuncin Dover ya kai gare shi ba, ko da ya saɓa wa jami'ansa. Ga maƙwabcin wannan wuri abin ba ƙarami ba ne, kuma ba shi da kuɗin lauya balle ƙungiya a bayansa. Gyaran da ya dace a nan na gwamnati ne: ta mayar da wajibin da ta cire a 2013, aƙalla a duk lokacin da kwamiti ya bar shawarar jami'ansa ya bi wata.